Takardar Aure Da Mutuncin Ƙasa

Tun daga ranar 8 ga Yuli, 2025, lokacin da Amurka ta sanar da cewa galibin bizar da take bai wa 'yan Najeriya masu zuwa ziyara, kasuwanci ko karatu ta koma ta wata uku, shiga sau ɗaya, zancen biza bai bar bakin ma'aikata a Sakatariyar Tarayya da harabar Majalisa ba. Abin ya yi ciwo ne saboda a watan Maris na 2023 aka tsawaita bizar ziyara zuwa shekara biyar, har jama'a sun fara sabawa. Ministan Harkokin Waje na lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, ya fito ya ce Amurka na matsa wa ƙasashen Afirka lamba su karɓi 'yan Venezuela da take kora daga ƙasarta, kuma Najeriya ba za ta karɓa ba. Ofishin jakadancin Amurka ya musanta cewa wannan ne dalilin sauyin, ya danganta shi da ƙa'idojin tsaro da daidaita mu'amala tsakanin ƙasashen biyu. Ko ma wanne ne gaskiya, ministan ya yi daidai da ya ƙi ɗaukar kayan da ba namu ba.

Sai dai wannan hayaniya ta masu zuwa taro ce da masu kai 'ya'ya makaranta. Akwai wasu da ba a jin muryarsu, domin ba su da ƙungiya kuma ba su da kakaki. Akwai amaryar da aka ɗaura wa aure a Kano ko Ilori, mijin yana Houston ko Manchester, ita kuwa tana zaune gidan iyayenta shekara ta zagayo tana jiran takarda, maƙwabta sun fara tambayar ko auren yana nan. Akwai kuma 'yar Najeriyar da ta auri ɗan Ghana ko ɗan Labanan, suna zaune a Gwarimpa da 'ya'yansu, amma a idon dokar ƙasar nan mijin baƙo ne kamar wanda ya sauka jiya. Matsayin wannan jarida shi ne, rabin wahalar waɗannan mutane a ofisoshinmu ake ƙera ta, kuma ƙasar da takardar aurenta ba ta da nauyi a gida ba ta da bakin neman a girmama auren 'ya'yanta a waje.

Yana da kyau a fara da sanin yadda abin yake a can, domin da yawa daga cikin hadimai da manyan ma'aikata da 'yan uwa ke kai wa kuka ba su san bambancin bizar ziyara da bizar zama ba. Idan ɗan ƙasar Amurka yana son matarsa ko mijinta ya je ya zauna tare da shi, zai fara cike fom mai lamba I-130 a hukumar shige da ficen Amurka, ya tabbatar da cewa auren halastacce ne a inda aka ɗaura shi, kuma na gaskiya ne. Bayan an amince, fayil ɗin zai wuce cibiyar biza ta ƙasa, inda mai ɗaukar nauyi zai yi rantsuwa a fom I-864 cewa kuɗin shigarsa ya kai aƙalla kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin Amurka. Daga nan sai gwajin lafiya, da takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sanda, da ganawa ido da ido a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, domin can ake ba da bizar zama, ba Abuja ba. Idan auren bai cika shekara biyu ba a ranar da aka shiga Amurka, katin zaman da za a bayar na wucin gadi ne, na shekara biyu, kuma dole ma'auratan su koma su sake tabbatar da auren cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare. Wannan sharaɗi ya samo asali ne daga dokar yaƙi da auren bogi ta 1986. Wanda kuwa mai katin zama ne kawai, bai zama ɗan ƙasa ba, matarsa na shiga wani layi da ke da ƙayyadadden adadi a kowace shekara. Babu wasiƙar ma'aikata ko katin wani babba da ke gajarta wannan hanya. Mai ba ɗan uwansa tabbacin zai yi magana da wani a ofishin jakadanci, yana ƙara masa tsawon jira ne da fata marar tushe.

Kuma hanyar na iya rufewa gaba ɗaya, kamar yadda muka gani. A ranar 31 ga Janairu, 2020, gwamnatin Donald Trump ta farko ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama, tare da Eritiriya, Kirgistan da Myanmar. Masu bizar ziyara ba a taɓa su ba. Waɗanda sandar ta faɗa wa su ne ma'aurata, iyaye da 'ya'ya. Tun daga zagayen 2015 aka cire Najeriya daga cacar biza ta shekara-shekara saboda yawan 'yan ƙasar da suka riga suka shiga, don haka dangantakar iyali ita ce babbar ƙofar da ta rage. Dalilin da Amurka ta bayar a lokacin shi ne raunin tsarin tantance mutane da musayar bayanai, ciki har da rahoton fasfo da suka ɓata ko aka sace. Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamiti ƙarƙashin Ministan Cikin Gida na lokacin, Rauf Aregbesola, kuma Joe Biden ya soke dakatarwar a ranarsa ta farko a ofis, 20 ga Janairu, 2021. Sauyin gwamnati a Washington ne ya buɗe ƙofar, kuma sauyin gwamnati na iya sake rufe ta. Wanda ke tsammanin kotu za ta cece shi, ya duba hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yuni 2024 a shari'ar Muñoz, inda alƙalai biyar cikin tara suka ce ko ɗan ƙasar Amurka ba shi da wani haƙƙi a tsarin mulki na a shigar masa da abokin aurensa. Jami'in biza ne ke da maganar ƙarshe.

Birtaniya kuwa da kuɗi ta gina nata shingen. Daga 11 ga Afrilu, 2024, mafi ƙarancin kuɗin shigar da ake buƙata daga mai son kawo mata ko miji ya tashi daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara. Ga jarrabawar Turanci, ga gwajin tarin fuka, ga harajin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, sannan sai an shafe shekara biyar, da sabuntawa a tsakiya, kafin a nemi zaman dindindin. A farkon shekarar ta 2024 aka hana yawancin ɗalibai tafiya da iyalansu, a watan Maris kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi. 'Yan Najeriya na cikin waɗanda matakan biyu suka fi shafa.

Waɗannan dokokin ƙasashensu ne. Muna iya cewa suna da tsauri, kuma suna da shi. Muna iya cewa siyasar ƙin baƙi ce ke tura su, kuma haka ne a Washington da Landan. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jami'in da ke zaune bayan gilashi a Legas ba ya ganin zuciyar amarya, takarda yake gani, kuma takardar tamu ce.

A ɗauki auren Musulunci, wanda shi ne auren mafi yawan masu karanta wannan shafi. Sharuɗɗansa sanannu ne: waliyyi, shaidu, sadaki da siga. An cika su a ƙofar gida ko a masallaci bayan sallar Juma'a, an raba goro da alewa, aure ya ɗauru a gaban Allah da jama'a. Dokar Najeriya ta amince da shi, kuma Amurka da Birtaniya sun amince da duk auren da ya halasta a inda aka ɗaura shi. Matsalar ita ce hujja. Yawancin irin wannan aure ba a rubuta shi a ko'ina. Ranar da buƙata ta taso sai a fara gudu: wannan ya karɓo takarda daga limamin unguwa, wancan daga kotun Shari'a, wani daga sakatariyar ƙaramar hukuma, wani kuma ya yi takardar rantsuwa a babbar kotu shekara huɗu bayan biki. Kowace da siffarta, kowace da hatiminta, babu wata lamba da za a bi a tabbatar da ita. Takardar gaskiya da wadda aka buga a shagon kwamfuta a bakin kotu kamanninsu ɗaya. Idan jami'in waje ya kasa bambance su, sai ya yi shakkar dukkansu, mai gaskiya ya biya bashin maƙaryaci.

Akwai wani tarko da al'adarmu ke faɗawa ciki ba da saninta ba. A wurinmu ba abin mamaki ba ne a ɗaura aure ango yana wata ƙasa, wakilinsa ya karɓa masa. Dokar shige da ficen Amurka ba ta ɗaukar irin wannan aure a matsayin aure, sai an nuna cewa ango da amarya sun haɗu sun yi zaman aure bayan ɗaurin. Wato saurayin da aka ɗaura wa aure a Zariya yana Chicago, ya cike fom washegari ba tare da ya zo gida ba, ya gina fayil ɗinsa a kan iska. Abin da zai cece shi shi ne hatimin shiga da fita a fasfonsa da ke nuna ya zo bayan ranar. Haka kuma Amurka matar farko kaɗai ta sani, Birtaniya ma ba ta barin a shigo da mata ta biyu alhali ta farko na ƙasar. Mai mata biyu ya san wannan tun kafin ya kashe kuɗinsa. Kuma hujjojin da ake nema na cewa aure na gaskiya ne, irin su asusun banki na haɗin gwiwa, takardar hayar gida mai suna biyu da tarin hotunan ma'aurata, an tsara su ne bisa rayuwar Turawa. Matar da tarbiyya ta hana ta ambatar sunan mijinta a gaban mutane, ko ta sunkuyar da kai idan an tambaye ta yadda suka fara haɗuwa, tana iya zama abar zargi a wurin wanda bai san kunya ba. Bayyana wa ofisoshin jakadanci waɗannan abubuwa aikin gwamnati ne, kuma ba mu ga alamar akwai wanda ya ɗauke shi a matsayin aikinsa ba.

Don guje wa wannan ruɗani ne ma'aurata da yawa ke garzayawa rajistar aure ta tarayya a Ikoyi ko Abuja, saboda dillalai sun gaya masu ita ce takardar da Turawa suka sani. A nan muke son masu karatu su tsaya su yi tunani. Auren rajista ba ƙarin hatimi ba ne a kan auren masallaci. Wani aure ne daban, ƙarƙashin Dokar Aure, da nasa hukunce-hukuncen. Ana ba da sanarwar kwana 21 kafin a ɗaura shi. Na mace ɗaya ne, kuma wanda ya ƙara aure a kansa, ko ya yi shi alhali yana da wata matar ta al'ada, ya aikata laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar. Saki ba ya warware shi, sai babbar kotu ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Yana kuma iya jawo jayayya kan rabon gado bayan mutuwa. Mutum ya je neman biza, ya dawo da sauyin dokar da ke mulkin gidansa, kuma ba wanda ya karanta masa ko layi ɗaya kafin ya sa hannu.

Ita ma takardar rajistar ba ta tsira daga rikicinmu ba. Kundin Tsarin Mulki ya sanya ƙulla aure da warware shi, ban da na Musulunci da na al'ada, a jerin ikon tarayya, sannan Jadawali na Huɗu ya bai wa ƙananan hukumomi rajistar haihuwa, mutuwa da aure. Kan wannan aka yi shekaru ana shari'a tsakanin wasu ƙananan hukumomi da Ma'aikatar Cikin Gida. A watan Disamba 2021, bayan wani hukunci na Babbar Kotun Tarayya a Legas, labari ya bazu cewa duk auren da aka ɗaura a Ikoyi ya rushe. Ba haka hukuncin ya ce ba, ma'aikatar ma ta fito ta musanta, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta warware shi a 2023. Amma ofisoshin jakadanci suna karanta jaridunmu. Abin da suka fahimta shi ne, gwamnatoci biyu a ƙasa ɗaya suna faɗa kan wa ke da ikon ba da takardar aure, kuma duk wanda ya san harkar ya san kuɗin rajistar ne ya hura wutar.

Sai kuma sunaye da shekaru, inda laifin ya rabu tsakanin hukuma da jama'a. Mutum ɗaya ne Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Muhammadu a takardar makaranta. A nan sunan mahaifinsa ne na ƙarshe, a can sunan garinsu. Rabin unguwa an haife su ranar 1 ga Janairu. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta 1992 ce, don haka waɗanda suka girme ta da takardar rantsuwa suke yawo, kuma kowa a aikin gwamnati ya san yadda ake aske shekara biyu ko uku don a jinkirta ritaya. Abin da aka ɗauka dabara ce a fayil ɗin ma'aikata, a gaban jami'in biza sunansa ƙarya, kuma ƙarya kan muhimmin bayani na iya jawo haramcin shiga Amurka har abada. Lambar zama ɗan ƙasa ta NIN ta rage wannan ɓarna, tun da aka ɗaure fasfo da ita, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Abin da ya rage shi ne a ɗaure takardar aure da ita.

Ba ma ganin wannan a matsayin aiki mai wuya. Takarda iri ɗaya a duk faɗin ƙasa ga auren Musulunci da na al'ada, mai lamba, mai ɗauke da NIN na ango da amarya da waliyyi da shaidu, wadda ƙaramar hukuma za ta bayar bisa shaidar limami ko mai unguwa, kuma kowane ofishi a duniya zai iya duba ta a intanet. Ba ta sauya hukuncin auren, ba ta mayar da shi na rajista, shaida ce kawai. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. In har hukuncin zai yi aiki, ga abin da ya kamata su fara da shi. Amfaninsa ma ya wuce biza nesa ba kusa ba: gwauruwar da ke bin haƙƙin mijinta a ofishin fansho ita ce za ta fara cin moriyarsa. Ma'aikatar Cikin Gida ƙarƙashin Olubunmi Tunji-Ojo ta nuna cewa ana iya rage layin fasfo, ta kuma ƙaddamar da bizar intanet a ranar 1 ga Mayu, 2025. Wanda ya iya wannan zai iya zama da ƙananan hukumomi da majalisun malamai a fitar da takarda ɗaya. Haka nan Najeriya har yau ba ta shiga Yarjejeniyar Hague ta 1961 ba, wadda ke sa hatimi ɗaya ya wadatar wajen amincewa da takardun hukuma tsakanin ƙasashe sama da ɗari. Shi ya sa mutum zai taso daga Maiduguri ko Kalaba zuwa Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja don a tantance masa takarda, sannan ya wuce ofishin jakadancin ƙasar da zai je a sake buga wani hatimin.

Ba za mu rufe ido kan auren bogi ba. Yana nan, akwai dillalan da ke ci da shi, kuma hukuncinsa a Amurka ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000, bayan haramcin sake nema ta kowace hanyar iyali. Duk takardar saki ta ƙarya da wani magatakardan kotu ya buga wa hatimi don mai mata a gida ya auri Baturiya, ma'auratan gaskiya ɗari ne ke biyan kuɗinta da ƙarin watannin bincike.

Yanzu mu juyo da madubin. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa macen da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, matuƙar Shugaban Ƙasa ya gamsu da halinta, da niyyarta ta zama a ƙasar, kuma ta yi rantsuwar biyayya. Namijin da ya auri 'yar Najeriya ba ya cikin sashen. Shi sai ya bi sashe na 27, kamar kowane baƙo: zaman shekara 15, da shaidar gwamnan jiha cewa al'ummar da yake zaune cikinta ta karɓe shi, da sauran sharuɗɗa. Abin da ake ba shi kafin nan shi ne matsayin baƙo na musamman daga Ma'aikatar Cikin Gida, wanda izinin zama ne, ba ya ba shi fasfo ko ƙuri'a. Sashe na 25 kuwa ya ce ɗan da ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Wato a gida ɗaya, uwa 'yar ƙasa, 'ya'ya 'yan ƙasa, uba baƙo. Kundin da ya tsara haka shi ne kuma ya haramta nuna bambanci saboda jinsi a sashe na 42.

An yi yunƙurin gyara wannan. A ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudurori 68 na gyaran tsarin mulki, ta yi watsi da guda biyar da suka shafi mata, ciki har da wannan. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Ranar 8 ga Maris Majalisar Wakilai ta janye matsayinta kan uku daga ciki da alkawarin sake dubawa. Majalisa ta tara ta ƙare a watan Yuni 2023, kuma a cikin gyare-gyaren da Shugaba Buhari ya sa wa hannu babu ko ɗaya daga cikinsu.

Mun san hujjojin masu adawa, kuma ba ma raina su. Suna cewa a al'adunmu mace ce ke bin miji, asali kuma ta wajen uba yake. Suna cewa baƙi za su riƙa auren 'ya'yanmu don su sami fasfo da filaye. Hujja ta farko ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba: nasaba hukuncin addini da al'ada ce, zama ɗan ƙasa kuwa alaƙa ce tsakanin mutum da hukuma, kuma bai wa miji fasfo ba ya sauya sunan kakan kowa. Ta biyu kuwa tsoro ne mai tushe, amma maganinsa sharaɗi ne. Kundin Kenya na 2010 ya ce sai an shekara bakwai da aure kafin a nemi rajista, namiji ko mace. Ghana ta buɗe ƙofar ga jinsi biyu tun a kundinta na 1992. Senegal ta gyara dokarta a 2013. Jamhuriyar Nijar, wadda ba wanda zai ce ta fi mu sakaci da addini ko al'ada, ta bai wa matanta ikon bai wa mazajensu zama ɗan ƙasa a 2014. In tsoron auren bogi ne, a sa shekaru da bincike a kan kowa, domin a yanzu matar da baƙuwa ce ba ta da wani adadin shekaru da sashen ya gindaya mata, kamar dai mace ba ta iya yaudara.

Ambaton Nijar ya kawo mu ga inda wannan magana ta fi kusa da gida. Tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, aure ya girmi iyaka, kuma ba wanda ya taɓa neman takarda domin yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta rufe kowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 aka rufe iyakar har zuwa Maris 2024, iyalai suka ga yadda takunkumin da aka yanke a Abuja ke raba ɗaki. A ranar 29 ga Janairu, 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. ECOWAS ta ce a ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaidarsu har sai an ba da wata sanarwa. Wannan alfarma ce ta wucin gadi. Ranar da aka janye ta, Banijaren da ya shekara ashirin yana aure a Katsina zai wayi gari yana buƙatar izinin zama, da auren da ba a rubuta ba, ƙarƙashin kundin da bai san da shi ba. Masu tattaunawa da ƙasashen Sahel uku su sa wannan a kan tebur tun yanzu, kafin batun haraji da kwastan ya cinye zaman.

Gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta ce manufofinta na waje sun tsaya kan ginshiƙai huɗu, ɗaya daga ciki 'yan Najeriya mazauna ƙetare. Amma a watan Satumba 2023 aka kira dukkan jakadu gida, kuma har zuwa 2025 ofisoshinmu a Washington da Landan suna hannun masu riƙon ƙwarya. Mai riƙo yana iya sa hannu a wasiƙa, amma ƙofofin da ake buɗe wa jakada ba a buɗe masa su. Kuma fushinmu na zaɓe ne. A watan Fabrairu 2025, da Kanada ta hana Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, da wasu 'yan tawagarsa biza, Mai Bai Wa Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, Nuhu Ribadu, ya mayar da martani mai zafi a bainar jama'a, ƙasa ta ɗauka. Ba mu ce bai kamata ba. Muna tambaya ne yaushe wani babban jami'i ya taɓa ɗaga murya kan tsawon lokacin da ma'aurata ke jira kafin a kira su ganawa a Legas.

Diflomasiyyar biza ba ni gishiri in ba ka manda ce. Najeriya na da abin ciniki: kasuwa, man fetur da gas, haɗin gwiwar tsaro a Tafkin Chadi da Tekun Guinea, da dubban likitoci da ma'aikatan jinya da asibitocin Birtaniya ke dogaro da su. Ya dace a yi amfani da wannan nauyi a nemi a ware bizar ma'aurata da ƙananan yara daga duk wani takunkumi na gaba, a rubuce, kafin rikici ya taso. Sai dai wanda zai zauna a wancan teburin za a tambaye shi yadda ake tabbatar da takardar aure a ƙasarsa, kuma za a iya tuna masa da sashe na 26.

Kwamitocin gyaran tsarin mulki na majalisa ta goma, ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Barau Jibrin, da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, sun zagaya shiyyoyi a watan Yulin 2025 suna sauraron jama'a. Ƙirƙirar jihohi da 'yan sandan jihohi ne suka cika kanun labarai. Gyaran sashe na 26 bai wuce sauya kalma ɗaya da ƙara sharaɗin shekaru ba, ba ya cin kasafi, kuma ba ya rage wa kowane gwamna iko. Yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa da amincewar majalisun jihohi 24. Hadiman da ke rubuta wa 'yan majalisa taƙaitaccen bayani kafin ranar ƙuri'a su tabbata wannan karon iyayen gidansu sun san abin da ke cikin ƙudurin kafin su danna maɓalli.